Danjar da ke ƙirga motoci: amsoshin tambayoyin direbobi da manoman da ke shiga Kano

Wanda ke zaune a Kura, Bunkure, Gaya, Ringim ko Kazaure zai iya ɗauka cunkoson Kano matsalar 'yan birni ce. Sai dai tumatirin da aka yi lodinsa da asuba a Kwanar Gafan sai ya ratsa mahaɗun birnin kafin ya isa 'Yan Kaba, maras lafiyar da aka turo daga asibitin ƙaramar hukuma ta nan za a bi da shi, man da mota ta ƙona a tsaye kuwa daga aljihun fasinja yake fita. Shi ya sa in aka ji maganar danja mai ƙwaƙwalwa a rediyo, musu kan tashi a tasha da majalisa. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsarsu.

Malam, wai mece ce danja mai ƙwaƙwalwa? Ina bambancinta da wadda muka saba gani?

Danjar da aka fi sani agogo ne kawai a cikinta. Injiniya ya zo wata rana ya ƙirga motoci, ya rubuta mata cewa hannun gabas sakan 40, hannun kudu sakan 25, ya kulle akwati ya tafi. Haka za ta yi ta juyawa, ko ƙarfe 2 na dare ne babu ko kare a titi, ko jajiberin Sallah ne gari ya ɗinke. Wadda ta ɗan fi ta wayo tana da jadawalin safe, na rana, na yamma da na dare, amma ita ma agogo take bi.

Akwai kuma mai jin zuwan mota. In babu kowa a ƙaramin titi, ba za ta tsayar da babban titi a banza ba. Mota na isowa sai ta ba ta 'yan sakan ta wuce. Wannan ita kaɗai take sha'aninta, ba ta san halin da mahaɗar gaba ke ciki ba.

Wadda ake magana a kai ta wuce nan. Mahaɗu 10, 50 ko ɗaruruwa ake haɗawa da kwamfuta ɗaya, kowacce tana aika mata yawan motocin da ta gani, ita kuma tana ƙara wa wannan hannu 'yan sakan tana rage wa wancan, ba dare ba rana. Akwai ɗakin da ma'aikata ke zaune suna kallo, suna iya sa hannu in an yi haɗari ko an rufe hanya.

Ta yaya fitila za ta san yawan motocin da ke jira?

Fitilar ba ta san komai ba, na'urorin da aka dasa mata ne ke gaya mata. Mafi daɗewa a cikinsu waya ce da ake tsaga kwalta a naɗe ta a ciki, a bar 'yar wuta tana gudana. Ƙarfen mota na hawa kanta sai yanayin wutar ya canza, akwatin da ke gefen titi ya ƙirga ɗaya. Tana aiki da kyau a titin da ba a taɓa shi. A titin da yau masu ruwan famfo su haƙa, gobe masu wayar sadarwa su haƙa, damina ta zo ta yi rami, ba ta daɗewa.

Akwai kyamara a kan fal, wadda ke kallon layin motoci tana tantance tsawonsa. Akwai na'urar rada, mai gano mota ta hanyar aika mata igiyar rediyo, wadda duhu ko ƙura ba su cika damunta ba. Akwai kuma bayanan wayoyin hannu: wannan jan layi da ake gani a taswirar Google in titi ya cushe, daga tafiyar wayoyin mutanen da ke cikin motocin ake samo shi.

To me take canzawa, tunda ja da kore ne dai?

Duk wanda ya yi noman rani a Kadawa ya san ruwan da ya taso daga Tiga ba mai buɗe ƙofar kanal ne ke ƙara shi ba. Abin da ke hannunsa shi ne wace gona za a sakar wa, na tsawon wane lokaci, da kuma lokacin da ruwan zai isa ga na ƙasa. In ya bar ruwa na malala a gonar da ta ƙoshi alhali ta kusa da ita na ƙonewa, an yi asara ba tare da ruwan ya ƙaru ko ya ragu ba. A mahaɗa, lokaci ake rabawa.

Na farko akwai tsawon zagaye, wato daga lokacin da aka ba ka hannu zuwa lokacin da za a sake ba ka. Yawanci yana kaiwa tsakanin sakan 60 zuwa 120. Direbobi kan ce a gajarta shi kawai kowa ya huta, amma akwai lissafin da ba sa gani. Duk sanda hannu ya canza, ana asarar kusan sakan 4 zuwa 5: ruwan ɗorawa ta kunna, a jira na ƙarshe ya fice daga tsakiya, na gaba ya sa giya ya tashi. Tun watan Afrilun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, mai karya kwana hagu ne ke gitta wa masu tahowa, don haka manyan mahaɗu kan ba kowane titi hannunsa daban, sau 4 ke nan a zagaye ɗaya. Asarar ta kai sakan 16 zuwa 20. In zagayen sakan 60 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi a banza. In 120 ne, bai wuce kashi ɗaya cikin shida ba. Shi ya sa da cunkoso ake tsawaita zagaye, da titi ya yi sauƙi a gajarta shi don kada mutum ya tsaya kallon fili.

Na biyu rabon zagayen tsakanin hannaye. Ƙananan motoci in suna layi ɗaya, kowacce na cin kamar sakan 2 kafin ta tsallaka, saboda haka hannun sakan 30 motoci 14 ko 15 yake fitarwa a kowane layi. In motoci 25 ke taruwa a duk zagaye, 10 za su rage, zagaye na gaba su zama 20, kafin rabin awa layi ya kai inda ba a zata ba. Ga shi kuma mai yiwuwa titin gefe motoci 6 kacal yake kawowa amma an ba shi sakan 30 shi ma. Sakan 10 da za a cire daga nan a kai can su ne bambancin isa kasuwa da hantsi da isa da azahar.

Na uku, wanda ni a ganina ya fi daɗi in an dace, shi ne tazara tsakanin mahaɗa da mahaɗa. A ce tsakaninsu mita 500 ne, motoci na tafiyar kilomita 40 a awa. Sakan 45 za su yi a hanya. In ta biyun ta buɗe sakan 45 bayan ta farkon, ayarin zai tarar da kore, haka ta uku, haka ta huɗu. Mai gudun wuce sa'a shi zai riga kowa isa ya tarar da ja. Matsalar ita ce hannu biyu ba su cika samun wannan gatan tare ba, dole a zaɓa: da safe a fifita masu shiga gari, da yamma masu fita.

Wannan sabon abu ne, ko an daɗe ana yi a wani wuri?

An daɗe. Danjar farko a Landan aka kafa ta a watan Disambar 1868, da iskar gas take aiki, kuma ba ta yi wata biyu ba ta fashe ta ji wa ɗan sandan da ke kula da ita rauni. Ta lantarki ta bayyana a Cleveland ta Amurka a 1914, mai launi 3 a Detroit a 1920. Toronto ta Kanada ta fara haɗa danjojinta da kwamfuta a 1963.

Tsare-tsare 2 da suka fi yaɗuwa a duniya duk a shekarun 1970 aka ƙirƙiro su. SCATS daga birnin Sidni na Ostireliya ya fito; na'urarsa a bakin layin tsayawa take, tana auna gibin da ke tsakanin motoci in an ba su hannu, in gibin ya yi yawa ta san an ba hannun fiye da buƙatarsa. SCOOT kuwa na Ingila ne, na'urarsa can baya take, tana hango ayari tun kafin ya iso, tana gyara lokaci da 'yan sakan kaɗan-kaɗan yadda direba ba zai ma lura ba. Los Angeles ta fara nata ne saboda wasannin Olamfik na 1984, amma sai a 2013 ta gama haɗa danjojinta kusan 4,500. Kusan shekara 30 ke nan, a birnin da ba a cika ɗauke wuta ba. Wanda ya yi alƙawarin gama na Kano kafin damina, a saurare shi da kunne ɗaya.

Ranka ya daɗe, in an kawo ta cunkoso ya ƙare ke nan?

A'a. Hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ta ce a matsakaici irin wannan tsari na rage lokacin tafiya da sama da kashi 10 cikin 100, kuma inda tsohon jadawalin ya lalace ƙwarai ragin kan kai kashi 50. A Pittsburgh, masu binciken jami'ar Carnegie Mellon da suka gwada nasu a 2012 sun ba da rahoton ragin kusan kashi 25 a lokacin tafiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kayan gwari ko mai haya da ke ƙirga sawu. Amma a lura da sharaɗin: riba mai yawa tana zuwa ne inda da ma ana ɓarnar lokaci. Inda kowane hannu ya cika maƙil, motocin sun fi ƙarfin titin, babu sakan ɗin da za a cire daga wani a ba wani. Abin da kwamfuta za ta iya a nan shi ne ta riƙe motoci can baya inda akwai fili, don kada layi ya toshe mahaɗar da ke bayansa gari ya kulle gaba ɗaya.

An yi ta ne don ƙasashen da kowa ke bin layinsa. Mu da adaidaita da babura da kurkura fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, kuma duk ɗan kwangilar da ya kasa amsa ta bai kamata a sa masa hannu ba.

SCOOT da SCATS an gina su ne a kan motocin da ke bin layi ɗaya bayan ɗaya. A titin Katsina ko na Zariya, layi 2 aka zana amma layi 4 ake yi. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a watan Janairun 2013, adaidaita sahu ce ta cike gurbin, kuma ita duk inda hancinta ya shiga jikinta zai bi. Wayar da ke cikin kwalta za ta iya ƙirga adaidaita 2 da suka jeru a matsayin mota ɗaya, ko babur ya bi ta gefenta ba ta ji shi ba. Amalanke, kurar 'yan ga-ruwa da garken da ake korawa kasuwa kuwa ba sa cikin lissafinta sam.

Sannan nauyin ababen hawa ba ɗaya ba ne. A lissafin injiniyoyin Ingila, babbar mota tana cin gurbin ƙanana 2 da ɗoriya, babur bai kai rabin mota ba. To tirelar da ta yi lodin masara daga Dawanau har ta gota, in ta tsaya cak, tashinta kaɗai zai cinye rabin hannun. Na'urar da ta ƙirga ta a matsayin mota ɗaya ta yi wa duk na bayanta ƙwange.

Indiya irin wannan cakuɗar gare ta, Keke mai ƙafa 3, babura, shanu da manyan motoci a titi guda, kuma sai da cibiyar bincike ta gwamnatinsu, C-DAC, ta ƙera nata tsarin mai suna CoSiCoSt domin titin da ba a bin layi. Darasin da ke ciki shi ne a auna yadda titi ya cika da kuma tsawon layi, maimakon ƙirga kawuna. Kyamara da rada sun fi dacewa da mu a kan wayar kwalta, muddin an koya wa kyamarar gane adaidaita da kurkura da hotunan titunanmu.

Akwai kuma abin da babu na'urar da za ta gyara: lodi da sauke fasinja a bakin mahaɗa. In adaidaita 3 suka tsaya neman fasinja da zarar sun tsallaka danja, sun rufe layi guda, kuma komai tsawon koren da aka bayar, rabin motocin ne za su fita. Matsar da wurin lodi mita 50 ko 100 gaba kan yi aikin da kayan miliyoyi ba su yi ba. Wannan aikin ƙungiyar direbobi ne da 'yan kamasho da hukuma.

Ina za a samu wutar? Ga hazo, ga ɓarayi.

Wuta ita ce mai sauƙin. Fitilun LED na yanzu ba sa cin ko kashi ɗaya cikin biyar na abin da tsofaffin ƙwayaye ke ci, don haka farantin sola da batir sun isa riƙe mahaɗa ba tare da jiran KEDCO ba. Batir ne ke mutuwa da wuri a zafinmu na Maris da Afrilu in akwatin ba ya shan iska, kuma ranar da ya mutu danja ta mutu.

Hazo kuma yana cin abu 2 a lokaci guda: ƙura ta rufe farantin caji ya ragu, ta rufe gilashin kyamara ta koma ganin dishi-dishi. Maganinsa tsani ne da tsumma da mutumin da ake biya albashi ya riƙa zagayawa. Abin dariya ne a faɗa, amma a nan irin waɗannan ayyuka ke mutuwa. Kuɗin sayo kaya da bikin buɗewa ba ya wuya. Kuɗin gyara na shekara 5 shi ne ba a cika sa wa a kasafi ba. Danja mai ƙwaƙwalwa da na'urorinta suka makance ta koma danjar agogo, mai tsada kawai. Tsari mai kyau ana gina shi yadda in sadarwa ta yanke kowace mahaɗa za ta koma kan jadawalin da aka ajiye mata, ba ta mutu ɗungurungum ba.

Sata kuwa, batir da waya ake nema. A ɗaga akwatin sama, a yi masa keji, a kuma san da mai unguwa da masu shagunan wurin.

Za ta san da azumi, da Juma'a, da ranar kasuwa?

Nan ne ma ta fi amfani a wurinmu. Jadawalin da aka rubuta a ƙasar Turai ya san safiyar Litinin da yammacin Juma'a. Bai san awa ɗaya kafin shan ruwa ba, lokacin da kowa ke son isa gida a tare, sannan ana kiran magariba titi ya zama wayam. Ramadan kuma yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, lokacin faɗuwar rana na canzawa, don haka jadawalin bana ba zai yi baɗi ba. Haka sahun masallacin Juma'a da kan fito har titi, haka hawan Sallah, haka kaka in motocin hatsi suka yi wa Dawanau tsinke, haka ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi wani titin ya cika kowa ya karkata zuwa wani. Danjar da ke kallon titi za ta bi waɗannan da kanta. Duk da haka gara a gaya mata tun da wuri, domin tana gyara ne kaɗan-kaɗan, taron da ya ɓarke cikin minti 5 yana iya riga ta.

Mu garinmu ƙarami ne, cunkosonmu na ranar kasuwa ne kawai. Muna buƙatarta?

Galibi a'a, kuma kada wani ya sayar muku da ita. Wudil ranar Juma'a, Ɗambatta ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis, cunkoson gaske ake yi, amma sanadinsa a fili yake: kasuwa ta cinye kafaɗar titi, motocin shanu na lodi a kan kwalta, babbar hanya ta ratsa tsakiyar gari. Kwana 6 kuma babu komai. Abin da irin wannan gari ke buƙata shi ne filin lodi a bayan kasuwa, hanyar shiga daban da ta fita a ranar, da masu ba da hannu daga safe zuwa la'asar.

In mahaɗar na cin mutane, shataletale ya fi danja dacewa da ƙaramin gari. Ba ya son wuta, ba shi da batir da za a sace, yana tilasta wa kowa rage gudu, kuma karon da ake yi a cikinsa na goga ne, ba na a soki mota a ciki ba. Inda yake gazawa shi ne in titi ɗaya ya rinjayi sauran da yawa har ba ya barin kowa ya shiga. Garuruwa irin su Dutse da Haɗeja, masu mahaɗu kaɗan da ke cika safe da yamma, danja mai jin zuwan mota da sola ta wadatar.

Gadar sama ba ta fi duk wannan ba?

Gada ta fi a inda manyan hanyoyi 2 suka gitta juna kuma dukkansu sun cika; Ƙofar Nasarawa, Dangi da Hotoro sun samu sauƙin da ba wanda zai musa. Amma gada mahaɗa ɗaya take warwarewa. Motocin da ta saki da gudu a mahaɗa ta gaba za su taru, shi ya sa sau da yawa layi ba ɓacewa yake ba, matsawa yake. Kuma kuɗin gada ɗaya zai gyara danjojin titi mai tsawo daga farko har ƙarshe, da canji. Gada dai ana ganinta daga nesa, gyaran sakan 10 kuwa ba a yanka masa kyalle.

'Yan KAROTA da sauran masu ba da hannu za su rasa aiki ke nan?

Ba za su rasa ba, aikin ne zai canza. Mai ba da hannu idonsa a kan mahaɗarsa kaɗai yake, kuma ɗabi'ar ɗan Adam ce ya bar hannu ɗaya ya yi ta tafiya minti 3 ko 4 har sai ya ga ƙarshen layi, alhali sauran hannayen sun taru sun toshe mahaɗar baya. Rabon lokaci na'ura ta fi shi iyawa. Amma na'ura ba ta hana wanda ya ga ja ya wuce, ba ta hana wanda ya shiga tsakiya alhali gabansa a cushe yake, ba ta ture motar da ta mutu. KAROTA, wadda aka kafa a 2012, da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra nan ne wurinsu. Abin da ke ɓata tsari shi ne danja ta ce tsaya, jami'i ya ce taho. In hakan ya zama kullum, direba ya daina kallon fitilar, kwamfuta kuma tana ta lissafi a kan abin da ba shi ke faruwa ba.

Kyamarorin nan ba tarkon tara ba ne?

Kyamarar ƙirga motoci daban, mai karanta lamba daban, ko da yake ana iya ɗora su a fal ɗaya. Legas tana amfani da mai karanta lamba wajen aika wa masu laifi takardar tara. In za a yi haka, haƙƙin direba ne a kafa allo a sanar, a nuna masa hoton laifin, a ba shi inda zai yi ƙorafi, kuma ruwan ɗorawa ta kai aƙalla sakan 3 domin mai lodi ya samu tsayawa. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta shafi yadda ake adana irin waɗannan hotuna. Mai sayen mota hannu na biyu kuma ya canza takardu zuwa sunansa, mai sayarwa ma ya tabbatar an canza, don tara lamba take bi.

In mun ɗauko mai naƙuda ko wanda ya yi haɗari daga ƙauye fa?

Ana iya sa wa motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana na'urar da ke sanar da danja tun daga nesa, ta buɗe musu hannu ta kwashe layin da ke gabansu kafin su iso. Wannan ya fi jiniya, domin jiniya ba ta da amfani in na gabanka ba shi da inda zai kauce. Sai dai mun san yawancin marasa lafiyarmu a motar haya ko ta maƙwabci ake kawo su, kuma danja ba ta san abin da ke cikin Golf ba. A nan sai dai jami'in da ke wurin. Dole kuma a taƙaita masu riƙe na'urar. In kowane mai muƙami ya samu, tsarin ya rushe.

Mu masu tafiya a ƙasa, da goyo da kaya a ka, an tuna da mu?

Hajiya, sau da yawa ba a tunawa, kuma kuskure ne babba. Injiniyoyi kan yi lissafi da tafiyar mita 1.2 a sakan, wato titi mai faɗin mita 20 yana son kusan sakan 17. Tsoho, mai goyo ko mai tallar da ke ɗauke da faranti ba za su yi wannan saurin ba. Kwamfutar da aka ce ta rage wa motoci jira kawai, daga lokacin masu ƙafa za ta fara yanka. Dole a kafa mata iyakar da ba za ta taɓa ba, musamman kusa da kasuwa, asibiti da makaranta, a kuma yi tudun tsayawa a tsakiyar titi domin a tsallaka rabi-rabi.

Ta yaya zan gane irin danjar da ke gabana, kuma wa za mu kai wa kuka in ta lalace?

Agogon wayarka ya isa. Auna tsawon koren hannu ɗaya sau 5 ko 6 a jere. In kullum daidai yake, ko layi ya yi tsawo ko babu kowa, ta agogo ce. Mai nuna lambobi suna sauka tun daga 60 har 1 ma yawanci ta agogo ce, tunda ta riga ta yanke tun farko. In yana ƙaruwa yana raguwa da yawan motoci, tana kallon titi.

Kai kuka kuma sai an san mai titin. Hanyoyin Kano zuwa Zariya, Katsina da Maiduguri na gwamnatin tarayya ne, ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka da hukumar gyaran hanyoyin tarayya ta FERMA. Yawancin titunan cikin birni na jiha ne. Na cikin ƙauyuka na ƙaramar hukuma. Reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW ko ƙungiyar 'yan kasuwa da ke son a saurare su, su je da lissafi a hannu. A sa matasa 4, kowa da titinsa da littafinsa, su ƙirga abin da ya wuce duk minti 15, ƙananan motoci daban, adaidaita daban, babura daban, manyan motoci daban, da inda kowa ya nufa, miƙe ko kwana. A yi ranar kasuwa ɗaya da ranar da ba kasuwa ɗaya, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe da 4 zuwa 7 na yamma. Da irin wannan ƙidayar injiniya ke fara aiki, ko shataletale za a yi, ko danjar sola, ko gyara lokacin wadda ke nan, wanda ƙa'ida ta ce a sake duba shi duk bayan shekara 3 zuwa 5.